Maƙwabtaka da gonakin feshi: yadda guba ke shiga gida da abin da take yi wa lafiya

Idan aka yi zancen haɗarin maganin ƙwari, wanda ake fara tunawa shi ne mai goye da famfon feshi a baya. Shi ake yi wa nasihar safar hannu, da takalmi, da abin rufe hanci. Amma akwai waɗanda ba su sayi maganin ba, ba su dama shi ba, sau da yawa ma ba su san ranar da za a fesa ba: matar da ta shanya tsaba a tsakar gida bayan dangar garka, ɗalibin da ajinsa na zana ke fuskantar fadama, makiyayin da ya sauka a gefen fili, jaririn da ke rarrafe a ƙasa. Su ne maƙwabtan gona.

Bambancinsu da manomi shi ne yadda gubar ke isa gare su. Manomi yana haɗuwa da mai yawa cikin awa ɗaya ko biyu, ya wanke jiki, ya koma gida. Maƙwabci kaɗan-kaɗan yake samu, amma a kai a kai, dare da rana, a wurin kwanansa da wurin cin abincinsa. Kuma cikin maƙwabta akwai waɗanda ba wanda zai ba su famfo su goya: masu juna biyu, jarirai, tsofaffi, masu ciwon fuka.

Inda abin ya shafa a Nijar

Nijar ba ƙasar da mutum ɗaya ke noma hekta dubu da jirgin feshi ba ce, kamar yadda ake gani a Brazil ko Amurka. Gonakin hatsi na tudu ba su cika shan magani ba. Babbar gona a nan tarin ƙananan filaye ne da suka haɗe wuri guda: filin noman rani na Birnin Kwanni mai sama da hekta 2,000, na Jiratawa kusa da Maraɗi, na Galmi, da filayen shinkafa na bakin kogin Isa, waɗanda ofishin ONAHA da aka kafa a 1978 ke kula da su. Sai garake na gulbin Maraɗi, na Korama a yankin Matamai da Magarya, na kwarin Maggiya, da gonakin tattasai na bakin Komadugu a Difa.

A irin waɗannan wurare kowa da ranar feshinsa. Wannan ya fesa tumatir da safe, wancan ya fesa kabeji da maraice, gobe mai albasa ya ɗauka. Ga wanda gidansa ke bakin filin, ɗaruruwan garake gona ɗaya ce da feshi ba ya yankewa a cikinta tun daga dashe har girbi. Garuruwa kuma suna ta matsowa kusa, filin da jiya saura ne yau an yanka shi an gina gidaje.

Yawan feshin ma ya ƙaru. Tsutsar tumatir da ake kira Tuta absoluta, da tsutsar masara da ta shigo Afirka a 2016, sun sa manoma maimaita feshi ba ƙaƙƙautawa. Tsadar ƙwadago kuma ta sa maganin ciyawa yana maye gurbin hauya a fadamu da filayen shinkafa. Baya ga wannan akwai feshin hukuma, da mota ko da jirgin sama, lokacin farmakin fara irin na 2004, ko a kan makwancin tsuntsayen jan-baki, inda aka saba amfani da wani magani mai ƙarfi, fentiyon.

Me ake fesawa

A ƙa'ida, maganin da za a sayar a Nijar sai ya samu amincewar kwamitin ƙasashen Sahel kan magungunan ƙwari, CSP, wanda ke ƙarƙashin ƙungiyar CILSS kuma yake da mazauni a Bamako. A cikin gida, dokar kare tsirrai ta 2015 ce ke tsara shigo da su da sayarwa, hukumar DGPV ta ma'aikatar noma ke sa ido. A wannan tsari ne aka haramta endosulfan a 2007, parakwat a 2011, atrazin da karbofuran da wasu a 2015.

A kasuwa kuwa labarin daban ne. Binciken da cibiyar RECA ta manoman Nijar ta sha yi a kasuwanni ya nuna cewa akasarin magungunan da ke kan teburan ƴan kasuwa ba su da amincewar CSP. Yawancinsu ta kan iyakar Najeriya suke shigowa, bayaninsu da Turancin Ingilishi, a hannun manomin da in ya yi karatu Faransanci ko ajami ya karanta. Piya-piya, wanda galibi diklorbos ne, har a ƴan kwalabe marasa takarda ake ɗura shi. Wannan ya shafi maƙwabci kai tsaye: ranar da yaro ya faɗi, babu mai iya gaya wa likita abin da ya shaƙa.

Kwalba mai cikakkiyar takarda tana da zane mai launi a ƙasanta, bisa rabe-raben Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS. Ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Launin yana nuna ƙarfin gubar ta nan take ne kawai, bai ce komai ba kan illar da ke zuwa bayan shekaru.

Hanyoyin da take bi

Ta farko ita ce iska a lokacin feshin. Famfo yana fasa ruwan magani ya zama ɗigo iri-iri. Manyan suna faɗawa kan ganye da ƙasa nan take. Ƙananan, waɗanda kaurinsu bai wuce na silin gashi ba, suna shawagi, iska ta tafi da su. Mafi yawansu suna sauka cikin mitoci goma zuwa ƴan gomomi daga iyakar gona, amma an sha auna burbushinsu a nisan ɗaruruwan mitoci. Ƙaramin famfon nan mai batir da faifai mai juyawa, wanda aka daɗe ana amfani da shi a Sahel wajen yaƙi da fara, an ƙera shi ne musamman don iska ta ɗauki ɗigon ta baza. Idan aka yi aiki da shi a bayan gida, abin da aka ƙera shi ya yi shi zai yi.

Alƙiblar iska a Nijar sananniya ce, kuma sanin ta yana da amfani. Lokacin ɗari da rani daga arewa maso gabas take busowa, da damina kuma daga kudu maso yamma. Ke nan gidan da ke kudu maso yammacin garake shi ke karɓar feshin noman rani, wanda ke arewa maso gabashin fadama shi ke karɓar na damina. Gidaje biyu masu nisa ɗaya da fili ɗaya suna iya bambanta ƙwarai a abin da suke shaƙa.

Rashin iska gaba ɗaya ma ba tsira ba ne. Da asuba ko bayan faɗuwar rana a lokacin sanyi, iska mai sanyi takan kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta rufe ta daga sama. Duk wanda ya ga hayaƙin murhu ya tashi kaɗan ya miƙe a kwance kamar shimfiɗa ya ga alamarta. A irin wannan yanayi ƙananan ɗigo ba sa tashi sama su watse, suna rataye ne, su gangara a hankali zuwa kwari da cikin unguwa.

Ta biyu tururi ne, kuma ita ce aka fi mantawa da ita. Wasu magungunan, bayan sun sauka a kan ganye da ƙasa, sukan sake tashi su zama tururi na tsawon awoyi ko kwanaki. Zafi yana ƙara wannan. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Maraɗi da Tawa da Kwanni, mutane a waje suke kwana, wato a daidai inda tururin yake. Diklorbos na cikin masu saurin tashi. Wari alama ce, amma ɓacewar wari ba hujjar cewa gubar ta tafi ba ce.

Ta uku ƙura. Magani yana manne wa ƙasa, iska ta ɗauke ta, takalmi da tufafi da kofaton dabbobi su shigo da ita. A fili, rana da ruwan sama da ƙwayoyin halittar cikin ƙasa suna ruguza yawancin magunguna cikin kwanaki ko makonni. A cikin ɗaki babu waɗannan, don haka gubar takan daɗe a ƙurar tabarma da katifa fiye da yadda take daɗewa a gonar da ta fito. Bincike a ƙasashe da dama ya tabbatar da cewa ƙurar gidajen da ke kusa da gonaki ta fi ta gidajen nesa ɗauke da burbushin magani.

Ta huɗu ruwa. Dalilin da ya sa ake garka a gulbi da Korama shi ne ruwa na kusa, wani wurin mita biyu ko uku. Ƙasar kuma rairayi ce mai saurin tsotsewa. Maganin da ba ya manne wa ƙasa sosai, irin su atrazin, yana bin ruwan ban-ruwa ya sauka. Amma abin da ya fi gurɓata rijiya ba feshin ba ne, dama magani ne a bakinta, da wanke famfo a nan, da jefa guga ɗaya cikin rijiya bayan an auna magani da shi. A filayen ONAHA, magudanar da ke kwashe ruwan da ya fito daga gonaki nan yara ke wanka, mata su yi wanki, dabbobi su sha. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, ba ya cire maganin ƙwari.

Ta ƙarshe abinci. Mata da yara suna tsinkar tafasa, rama, lalo da yaɗiya a gefen gonaki ba tare da sanin ranar da aka yi feshi ba. Ana yanko ciyawa daga kan iyaka a kai wa tumaki. Bayan feshin hukuma, akwai masu tsintar fara ko tsuntsayen da suka faɗi, a soya a kai kasuwa. Sai jarkunan magani da ake wankewa a zuba ruwan sha, ko mai, ko nono. A arewacin Benin, a kakar auduga ta 1999 zuwa 2000, an ƙirga aƙalla mutum 37 da endosulfan ya kashe a jihar Borgu, da yawansu ta hanyar abincin da ya gurɓata ne, ba a bakin famfo ba.

Illar nan take

Yawancin magungunan ƙwari jijiyoyi suke kai wa hari, kuma jijiyar ƙwaro da ta mutum ba su da nisa a tsari. Dangin da ake kira organofosfat, irin su diklorbos, dimetowat, klorpirifos da fentiyon, suna toshe wani sinadari da aikinsa shi ne kashe saƙon jijiya bayan ya isa. Idan ya toshe, saƙon ba ya tsayawa. Sai a ga yawu na zuba, gumi, hawaye, amai, gudawa, ƙirji ya ɗaure, tsoka na rawa, ƙwayar ido ta tsuke ta zama kamar kan allura. Idan abin ya yi tsanani, majina ta cika huhu, numfashi ya tsaya.

Dangin piretroyid, irin su lamda-sihalotrin da sipermetrin, ba su kai waɗancan kisa ba, amma suna sa ƙaiƙayi da zafin fuska, atishawa, tari, kuma suna tayar da fuka. Parakwat yana ƙona fata da ido, wanda ya haɗiye shi kuma huhunsa yake lalacewa cikin kwanaki, kuma har yau ba shi da makari.

Maƙwabci ba kasafai yake kai wa ga mummunan mataki ba. Abin da ya fi samu shi ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, jan ido, kasala. A nan matsalar take: waɗannan alamu suna kama da na masassarar cizon sauro, kuma lokacin feshin damina shi ne lokacin masassara. Sai a sayi ƙwaya a kan tebur, a ce rana ce ko sauro. Abubuwan da ke bambantawa su ne mutane da yawa a gida ɗaya su kamu lokaci guda, jiki ba zafi, ciwon ya zo awoyi kaɗan bayan feshi, kaji ko tantabaru su mutu a ranar.

Mutane masu ɗimbin yawa ne ke gamuwa da gubar maganin ƙwari ba da gangan ba kowace shekara a duniya, wasunsu su mutu. Akasarinsu manoma ne da ƴan ƙwadago. Amma akan samu na maƙwabta a fili ƙarara. A watan Mayu na 2014, a ƙauyen Villeneuve-de-Blaye na yankin Bordo a Faransa, ɗalibai 23 da malamarsu sun kamu da ciwon kai da na maƙogwaro da jan ido bayan an fesa gonakin inabi da ke kewaye da makarantarsu. An kai shekara shida ana shari'a kafin kotun ɗaukaka ƙara ta sami gonakin biyu da laifi a 2020.

Illar da ke zuwa a hankali

Wannan ita ce ta fi wuyar ganewa, domin tsakanin shaƙa da ciwo akan samu shekara goma ko ashirin, kuma mutum ba magani ɗaya yake haɗuwa da shi ba. Duk da haka akwai wuraren da hujja ta taru.

Mafi ƙarfinta a kan ƙwaƙwalwar yara take. A kwarin Salinas na jihar Kaliforniya a Amurka, inda ake noman ganye a manyan filaye, masu bincike na jami'ar Berkeley sun ɗauki mata masu juna biyu kusan 600 a 1999 da 2000, suka ci gaba da bibiyar ƴaƴansu shekara da shekaru. Sakamakon da suka fitar a 2011 ya nuna cewa yaran da aka samu organofosfat mafi yawa a fitsarin uwayensu lokacin goyon ciki, da suka kai shekara bakwai, sun gaza yaran rukunin ƙasa da maki bakwai a gwajin kaifin basira. A 2017 suka sake duba yaran ta fuskar wurin zama, suka ga cewa yawan maganin da aka fesa cikin kilomita ɗaya daga gidan mai ciki shi ma yana tafiya da raguwar maki. Irin wannan hujja ce ta sa Tarayyar Turai ta haramta klorpirifos a 2020.

Dalilin raunin yara a bayyane yake. Idan aka kwatanta da nauyin jikinsa, yaro ya fi babba shaƙar iska da shan ruwa da cin abinci. A ƙasa yake wasa, hannunsa kullum a baki. Sinadaran da jiki ke warware guba da su ba su gama ƙarfi ba a shekarun farko. Ƙwaƙwalwa kuma tana cikin ginuwa, abin da ya karkace a lokacin ba ya miƙewa daga baya. Illar ba ta fitowa kamar ƙyanda a ce ga ta. Yaro ne dai da ke shan wahalar riƙe karatu, a allo ko a boko, a ce ba ya mai da hankali.

Ta biyu cutar Parkinson, mai sa karkarwar hannu da sandarewar jiki. Wani bincike na jami'ar Kaliforniya ta Los Anjeles da aka wallafa a 2009 ya gano cewa mutanen da suka zauna cikin mita 500 daga gonakin da aka fesa wa parakwat da wani maganin cutar tsirrai mai suna maneb, haɗarin kamuwarsu ya ƙaru da kashi 75 cikin ɗari. Faransa ta amince da Parkinson a matsayin cutar sana'a ga manoma a 2012, ta ƙara wani nau'in kansar jini a 2015, da kansar prostat ta maza a 2021. Waɗannan amincewa na masu aiki da maganin ne. Ga maƙwabta alaƙar ba ta kai haka ƙarfi ba, amma cibiyar binciken lafiya ta Faransa, Inserm, ta ba da rahoto a 2023 cewa haɗarin wata kansar jini ta yara yana ƙaruwa kaɗan gwargwadon yawan gonakin inabi da ke cikin kilomita ɗaya daga gida.

A kan glifosat, maganin ciyawar da ya fi yaɗuwa a duniya, hukumomi sun rabu. Cibiyar binciken kansa ta OMS ta sa shi a 2015 cikin abubuwan da mai yiwuwa ne suna jawo kansa. Hukumomin Turai da na Amurka ba su yarda da haka ba, kuma Tarayyar Turai ta sabunta izininsa na shekara goma a 2023.

Akwai wurare biyu da ake yawan ambata don nuna inda sakaci ke kaiwa. A gundumar Kasaragod ta jihar Kerala a Indiya an yi sama da shekara 20 ana fesa endosulfan da jirgi a kan gonakin kashu, ƙauyuka da rafuka na ƙarƙashi. Likitocin yankin suka fara lura da yawan yara masu naƙasa, da farfaɗiya, da taɓin ƙwaƙwalwa. Kotun ƙolin Indiya ta haramta maganin a 2011, shekarar da yarjejeniyar Stockholm ta sa shi cikin waɗanda za a kawar a duniya. A tsibiran Gwadalup da Martinik kuwa, klordekon da aka zuba a gonakin ayaba daga 1972 zuwa 1993 har yanzu yana cikin ƙasa da ruwa, kuma ana samun sa a jinin sama da kashi 90 cikin ɗari na manyan mutane.

Batun tazara

Tambayar da kowa ke yi ita ce nisa nawa ya isa. Faransa ta kafa doka a ƙarshen 2019: mita 5 tsakanin gida da feshin gajerun shuke-shuke, mita 10 ga itatuwa da inabi, mita 20 ga magunguna mafi haɗari. Ta kuma hana feshi idan gudun iska ya wuce kilomita 19 a awa, wato iskar da ta fara tayar da ƙura da takardu. Ƙungiyoyin maƙwabta sun ce tazarar ta yi kaɗan, suka kai ƙara. Kaliforniya tun 2018 ta hana wasu nau'o'in feshi cikin kimanin mita 400 daga makarantu a ranakun karatu, daga ƙarfe 6 na safe zuwa 6 na yamma.

Babban binciken da hukumomin lafiyar Faransa suka yi mai suna PestiRiv, wanda sakamakonsa ya fito a Satumbar 2025, ya auna fitsari da gashin mutum kusan 2,700, da ƙura da iskar gidajensu. Ya tabbatar da cewa mazauna kusa da gonakin inabi sun fi na nesa ɗauke da magani, abin ya fi yawa a lokacin feshi, kuma manyan dalilan biyu ne: yawan abin da aka fesa da kusancin gida. Mita biyar a ƙasar da famfo ke da ma'auni kuma maganin ke da rajista abu ne daban da mita biyar a bakin garka ranar da iskar hunturu ke kaɗawa. Abin da za a ɗauka daga waɗannan dokoki shi ne cewa mitocin farko su ne mafi muni, kuma kowane ƙarin nisa riba ne.

Abin da ke rage haɗarin

Mafi araha shi ne sanarwa. Idan mai garka ya gaya wa maƙwabta tun daren jiya cewa gobe da safe zai yi feshi, za a kwashe shanya, a rufe randuna da rijiya, a ɗaure dabbobi, a tura yara da masu ciki wani gefen. Ba ya cin ko dala. A filayen da ke da ƙungiyar manoma, ana iya tsayar da ranakun feshi na bai ɗaya, a kuma bar layukan da ke jikin gidaje da makaranta ba tare da feshi ba, ko a yi masu da ruwan ƴaƴan bedi. Tsumma ja a kan sanda a bakin filin da aka fesa yana gaya wa mai tsinkar ganye da makiyayi abin da ba za su gani da ido ba. A Faransa ana hana shiga filin da aka fesa na awa 6, 24 ko 48 gwargwadon maganin. Inda ba a san abin da aka fesa ba, kwana biyu shi ne mafi ƙaranci, tsinkar abin ci kuwa sai an jira kwanakin da takardar maganin ta gindaya kafin girbi, waɗanda kan kai mako ɗaya zuwa uku.

Lokacin da ya fi dacewa da feshi shi ne da hantsi kafin rana ta yi zafi, da ƴar iska mai kaɗawa daga wajen gidaje zuwa cikin fili. Bakin famfon da ya lalace, ko wanda aka buɗa da ƙusa, gara a sauya shi.

Shingen itatuwa yana tare kaso mai yawa na ɗigon da iska ta ɗauko, kuma mai ƴan ƙofofi da iska ke ratsawa ya fi katanga, domin katanga iska tsallake ta take yi ta sauke kayanta a tsakar gida. Nijar ba baƙuwar wannan ba ce: layukan bedi da aka fara dasawa a kwarin Maggiya tun 1975 don tare iska suna nan. Sai dai shingen da ke fuskantar feshi ba na ci ba ne, don haka zogale bai dace da wannan wuri ba.

A cikin gida, a yayyafa ruwa kafin shara, a goge da tsumma mai laima, a bar takalmin gona a waje, a wanke kayan feshi daban da na yara. Rijiya ta samu baki mai tudu da murfi, a dama magani nesa da ita. Jarkar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a zuba ruwan cikin famfo, a huda ta yadda ba mai sake amfani da ita.

Rage feshin kansa shi ne ya fi komai. Cibiyar INRAN ta Maraɗi ta daɗe tana sakin wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai kama da zanzaro da ke kashe tsutsar zangarniyar hatsi, kuma an gwada maganin fara na naman gwari, wanda ba ya cutar da mutum, a Nijar tun shekarun 1990. Idan magana tsakanin maƙwabta ta ƙi, mai gari da shugabannin ƙungiyar manoma su ne matakin farko, sai ma'aikacin gona na gunduma da ofishin kare tsirrai na jiha.

Idan wani ya kamu

A fitar da shi daga wurin zuwa inda iska ke da tsabta. A tuɓe masa tufafin da magani ya taɓa, a wanke jiki da ruwa mai yawa da sabulu, mai wankewar ya kare hannunsa ko da da leda ce. Idan ido ne, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na minti 15. Wanda ya suma a kwantar da shi a gefe ɗaya, kada a ɗura masa komai.

Kada a sa shi amai. Yawancin magungunan a cikin wani mai dangin kananzir aka narka su, idan aman ya shiga huhu ya fi gubar saurin kisa. Madara, nono, manja da man gyaɗa, waɗanda aka saba ɗura wa mutum da sunan karya guba, ba sa karya ta. Maiƙo ma yana iya taimaka wa wasu magungunan shiga jini da sauri, kuma lokacin da aka ɓata wajen neman su lokacin tafiya gidan likita ne.

A tafi da kwalbar, ko takardarta, ko hotonta a waya, a kuma faɗi ƙarfe nawa aka yi feshin. Gubar organofosfat tana da makari, allurar atropin, kuma tana aiki sosai idan an isa da wuri. Wanda ya ji sauƙi bayan allurar farko kada a gaggauta mai da shi gida, domin wasu magungunan, musamman fentiyon, sukan ɓuya a kitsen jiki su dawo da alamun bayan kwana ɗaya zuwa huɗu.